Neman shawara kan kwatanta yawan malaman gajeren zangon karatun gaba da sakandare

Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digirina na biyu a kan yawan malaman da ke koyarwa a mataki na 5 na tsarin ISCED (tsarin UNESCO na rarraba matakan ilimi) na shekarar 2011, wato karatun gaba da sakandare wanda bai kai digiri ba, kuma mako uku ke nan na cije a wuri ɗaya.

Na ɗauko alƙaluman Cibiyar Ƙididdiga ta UNESCO da niyyar jera Najeriya da Faransa da Amurka, amma da na zuba su a jadawali sai na ga ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba. A Faransa ana koyar da BTS (diflomar shekara biyu bayan sakandare) ne galibi a cikin makarantun sakandare, don haka malamin da ya shiga ajin BTS da safe yana iya komawa ajin ƴan sakandare da rana. Haka abin yake a kwalejojinmu na kimiyya da fasaha, inda malami ɗaya ke ɗaukar ɗaliban ND (ƙaramar difloma) da na HND (babbar difloma). A wane mataki za a ƙidaya shi? Kwalejojin al'umma na Amurka kuwa sun dogara sosai da malaman wucin gadi, kuma a ganina ƙidaya kawuna kawai zai kumbura adadinsu.

Shin ya halatta in raba malami gwargwadon sa'o'in da yake koyarwa a kowane mataki, ko kuwa in haƙura in haɗa matakai na 5 zuwa 8 gaba ɗaya, wato duk karatun gaba da sakandare har zuwa digiri na uku? Malamin da ke duba aikina ya fi son na biyun, ni kuma ina ganin hakan zai rushe ainihin tambayar binciken. Don Allah wanda ya taɓa warware irin wannan ya nuna mini hanya.