Bin layi a wuraren wasanni na ƙasashen waje: me kuka gani da idonku?

Magidanci daga Kano

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ƙanena da ke zaune a Faransa ya gayyace mu hutu a watan Agusta, yara kuma sun ɗora rai a kan zuwa Disneyland Paris. Tafiyar da ni ce da maiɗakina da yara, sai mahaifiyarmu wadda ciwon gwiwa ba ya barinta ta daɗe a tsaye. Ina so in ji daga waɗanda suka taɓa shiga irin waɗannan wurare yadda ake bin layi, musamman ko an yarda mutum ɗaya ya tsaya ya riƙe wa sauran iyali wuri har a kusa kaiwa gaba, da kuma abin da mutum zai yi idan lokacin salla ya riske shi, ko yaro ya matsu, a tsakiyar layin da aka ce yana iya cin awa guda. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ko a wace ƙasa ce.

Ma'aikaciyar jinya a Ingila

Wa'alaikumus salam, Malam. Batun riƙe wuri shi ne wanda ya fi jawo wa mutanenmu baƙin jini a nan, don haka da shi zan fara. A gida mun saba da layin jarkoki a bakin famfo, inda jarka ke wakiltar mai ita ko da ya tafi kasuwa ya dawo, kuma babu wanda zai ce ya yi ratse. A wuraren wasannin Ingila jikin mutum ne kawai ke riƙe masa wuri. Da yawansu sun rubuta a dokokinsu cewa wanda ya tsallake layi za a iya fitar da shi daga wurin baki ɗaya ba tare da an mayar masa da kuɗin tikiti ba, kuma ratsawa don a isa wurin abokai da ke gaba yana cikin abin da suke kira tsallake layi.

Na ga hakan a wani wurin wasa da ke tsakiyar ƙasar. Wani uba ya tsaya shi kaɗai, da aka kusa ƙofa sai ga matarsa da samari da 'yammata suna ratsa mutane suna ba da haƙuri. Babu wanda ya ɗaga murya, domin mutanen nan ba su cika faɗa a fili ba, sai kallo da ƙunƙuni. Amma da aka isa wurin ma'aikaciya, wata mata ta matsa ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, nan take aka ware iyalin gefe aka nuna musu hanyar komawa baya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne fuskar ƙaramin yaronsu, wanda bai san laifin da aka yi ba. Shawarata ita ce duk wanda zai hau jirgin wasa ko lilo ya shiga layi tun daga farko, a kai yara bayi kafin a shiga, a kuma riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa.

'Yar Damagaram mazauniyar Paris

Yaya, maganarki gaskiya ce, amma Paris ba Ingila ba ce, gara Malam ya san bambancin don kada ransa ya ɓaci. Tun da aka buɗe Disneyland Paris a watan Afrilun 1992 a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin, mutanen Turai baki ɗaya ne ke cika shi, kowa kuma da irin tarbiyyar layinsa. Za ka ga wanda ke barin tazarar taku guda tsakaninsa da na gabansa, ka kuma ga wanda ke ɗaukar wannan tazarar a matsayin gurbi da aka bar masa. Wasu suna matsowa har jakarsu ta riƙa taɓa bayanka ba da nufin raini ba, haka suka saba. Idan wani ya shiga gabanka, ka ce masa cikin natsuwa layin daga baya yake farawa; mafi yawansu suna komawa, wanda ya ƙi kuma ka bar wa ma'aikaci shi, kada ka tsaya cacar baki a gaban yaranka.

A abin da na gani, uwa da ta fita da ƙaramin yaro zuwa bayi ta dawo ba ta samun matsala idan ta sanar da na bayanta kafin ta fita, domin sun gan ta a layin tun farko. Mutum ɗaya ya riƙe wa shida wuri shi ne abin da ba a yafewa. Game da Hajiya, wurin yana da katin fifiko da ake ba masu buƙata ta musamman, sai dai da takardar shaida ta hukuma ake bayar da shi, tsufa kaɗai ba ya isa, saboda haka ƙaninka ya bincika irin takardun da suke karɓa tun kafin ku taso. Ana kuma ba da hayar keken guragu kusa da ƙofar shiga. Akwai wani tsari na kyauta ga masu jarirai, inda uba zai bi layi ya hau, ya fito ya karɓi jaririn, uwa kuma ta shiga ba tare da ta sake bin dogon layin ba. Ku auna tsayin yaranku tun a gida: jirgin wasa na Big Thunder Mountain sai mai mita 1.02, jirgin Indiana Jones kuwa sai mai mita 1.40, kuma ma'aikatan ba sa sassauta ko santimita ɗaya, komai kukan yaro.

Ɗalibi a Japan

Ni abin da na gani ya sha bamban da duka biyun. Tokyo Disneyland yana garin Urayasu a lardin Chiba, an buɗe shi a 1983, kamfanin Oriental Land ne ke tafiyar da shi, maƙwabcinsa DisneySea kuma ya biyo baya a 2001. Tun kafin a buɗe ƙofa mutane ke saukowa daga tashar Maihama su jeru a filin gaba, da yawa a zaune a kan 'yan ledojin shimfiɗa, kuma da wuya ka ji hayaniya duk da yawan jama'a. Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin fareti. Waɗanda ke sahun gaba suna zama a ƙasa har a gama, suna cire manyan huluna da kunnuwan ado da ke kansu, ba sa kuma ɗaga waya sama da kansu, don na baya ya gani. Ban ga uban da ya ɗora ɗa a wuya a gaban mutane ba. Abin lura ga tambayar Malam shi ne a wurin kallon fareti shimfiɗa tana riƙe wuri, muddin akwai wanda ke zaune a kanta, amma a layin hawa kowa da ƙafarsa yake shiga. Wurin zaman da ka shimfiɗa bai rage wa na bayanka komai ba, alhali kowane mutum da ya ƙaru a gabansa a layin hawa ƙarin jira ne a kansa.

Ɗan kasuwa mai zuwa Dubai

Malam, a ɓangaren salla, Daular Larabawa ta fi ko'ina sauƙi. Ferrari World da aka buɗe a tsibirin Yas na Abu Dhabi a 2010, da IMG Worlds of Adventure na Dubai da aka buɗe a 2016, duka a cikin gini suke, da na'urar sanyaya iska, kuma akwai ɗakunan salla na maza da na mata. Duk da haka ban taɓa ganin wanda ya bar layi ya je salla ya dawo ya ce a ba shi wurinsa ba. Abin da muke yi shi ne duba allon da ke nuna tsawon jira kafin a shiga. Idan lokaci ya gabato, sai a yi salla a ci abinci, sannan a kama layi da kwanciyar hankali. A can iyalai manya ne, kuma an fi haƙuri da yaro ko dattijuwa da ta ratso ta isa wurin danginta, amma ko a can idan suka yi yawa za ka ji mutane sun fara magana.

Ga iyalinka kuma, jiragen da ke gudu sosai ba sa son abin da ke lilo a jiki. Jirgin Formula Rossa na Ferrari World yana kaiwa kilomita 240 a awa, har tabarau na kariya ake ba mutum ya sa. Maiɗakina takan sa ƙaramin hijabi mai kama kai ta cusa bakinsa cikin riga tun kafin mu kai gaba, domin tsayawa gyaran mayafi a bakin jirgi yana riƙe mutane, kuma ma'aikaci zai iya hana hawa idan ya ga ƙyallen na iya maƙalewa.

Malamin makaranta a Amurka

Zan ƙara abin da ya shafi yadda aka tsara layin kansa, domin fahimtarsa na rage ɓacin rai. Layin ba miƙaƙƙe ba ne, lanƙwasa shi ake yi da shinge ya je ya dawo, wani sashe kuma a ɓoye yake cikin gini, saboda haka abin da ido ya gani daga waje ba ma'auni ba ne. Allon ƙofa da manhajar waya su ne abin dubawa. A shekarun baya a wurin wasan Disney na Fulorida ma'aikaci kan miƙa wa wani daga cikin masu shiga jan kati ya riƙe har gaba, da shi suke auna tsawon jiran. Akwai kuma layin mai hawa shi kaɗai, wanda ake cike guraben da suka rage da shi. Yana da sauri, amma za a raba ku, don haka bai dace da ƙananan yara ba.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ganin wasu suna wucewa ta wata hanya a gefenku ba tare da kowa ya tanka ba. Ba tsallake layi suka yi ba, biya suka yi. Kamfanin Disney ya fito da FastPass a 1999, kyauta ne, mutum ya karɓi takarda mai lokaci, idan lokacin ya yi ya dawo ya shiga ba tare da bin dogon layin ba. A 2021 aka maye gurbinsa da tsarin biya, wanda a Paris ake kira Premier Access, kuma yawancin manyan wuraren wasa suna da irinsa. A ra'ayina wannan ya raunana hujjar da ake kafawa da ita cewa layi adalci ne tsakanin kowa da kowa, domin duk wanda aka shigar ta waccan hanya jiran na wannan layin ne ya ƙaru. Ka shirya amsar da za ka ba yaranka, don tabbas za su tambaya.

Dattijo daga Accra

'Ya'yana, na karanta duka, kuma akwai abin da bai kwanta mini ba. Idan mai kuɗi zai wuce an yarda, me ya sa ɗa ba zai tsaya wa mahaifiyarsa ba? Jikokina sun kai ni wani wuri irin wannan a Jamus, na zauna a benci a inuwa, da suka kusa gaba babbar ta zo ta kama hannuna, mutane kuma da kansu suka buɗe mini hanya, wani saurayi har ya riƙe mini sanda.

Ma'aikaciyar jinya a Ingila

Baba, Allah ya ƙara girma, abin da ka gani ba ya saɓa wa abin da na faɗa. Dattijo ɗaya mai sanda kusan ko'ina za a buɗe masa hanya, domin uzurinsa a bayyane yake kuma gurbi ɗaya ya ƙara. Amma alfarma ce mutanen suka yi maka, ba doka ce ta ba ka ba, kuma wanda ke baya sosai bai ga sandarka ba, ratsowa kawai ya gani. Shi ya sa nake so Malam ya yi wa ma'aikacin ƙofa bayani tun kafin su shiga, shi ne zai ce ga inda Hajiya za ta jira ko ga ƙofar da za ta bi. Idan izinin daga bakinsa ya fito, babu mai yi mata kallon banza.

'Yar Damagaram mazauniyar Paris

Malam, saura abu biyu da ba a taɓo ba. A farkon Agusta rana ba ta faɗuwa a Paris sai bayan ƙarfe 9 na dare, azahar kuma wajen ƙarfe 2 take shiga, saboda haka lokutan salla suna da faɗi, kuma ka tambayi malamai a gida game da rangwamen matafiyi kafin ka taso. Na biyu, turereniya ta gaskiya ba a layin hawa take ba, inda shinge ke tsare kowa. A lokacin tashi take. Da zarar an gama wasan wuta na dare a gaban fadar da ke tsakiyar wurin, dubban mutane ne ke juyowa lokaci guda ta titi ɗaya zuwa ƙofa, da kekunan yara da yaran da barci ya kwashe, mafi yawansu kuma tashar Marne-la-Vallée–Chessy suka nufa don kama jirgin RER A da ke kai mutum tsakiyar birni cikin kimanin minti 40. A nan ne yara ke ɓacewa. Ku rubuta lambar wayar ƙaninka a takarda ku sa a aljihun kowane yaro, ku nuna musu irin kayan da ma'aikata ke sawa, ku sayi tikitin komawa tun da safe. Saboda Hajiya, ko dai ku kalli wasan daga can baya kusa da ƙofa ku riga jama'a fita, ko ku nemi benci ku zauna kamar rabin awa har titin ya sarara, amma ƙaninka ya tabbatar da lokacin jirgin ƙarshe na wannan daren kafin ku zaɓi zaman.