Wai Motocin Alfarma: Ja-in-jar da Ta Cinye Lahadi a Zauren 'Yan Garinmu

Manomin Rani: Assalamu alaikum. Yau dai sai na faɗa, in an ga dama a cire ni daga zauren. Jiya Asabar 'yan ƙungiyar nan masu motocin alfarma suka sake biyowa ta garinmu za su dam ɗin Tiga shan iska. A jere, fitilu a kunne da rana tsaka, ana ta danna hon kamar an ɗauko amarya. Kwalta ba ta ishe su ba, sai da biyu daga cikinsu suka sauka gefe suna tsere, suka bi ta kan tumatirin da na yanka na shanya. Wanda taya ba ta taka ba ƙura ta binne shi. Ko sannu babu wanda ya tsaya ya ce. Kowa a nan ya san ba don daɗi muke yanka kauɗa ba, sai don kwando ya yi kwantai a kasuwar Kwanar Gafan, mutum ya shanya ya ajiye zuwa damina. Ni abin da na ce shi ne, ƙungiyar nan babu abin da take tsinana wa kowa sai fariya da cutar talaka, kuma ya kamata mai gari ya hana su bi ta nan.

Ɗan Acaɓa: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Kawu.

Bakanike: Allah ya mayar da alheri, Yaya. Amma gyara kayanka: ka daina ce musu alfarma. Ni na tsaya a bakin gareji na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu 'yan Kwatano ne, Bature ya ci moriyarsu ya gaji sannan aka yi musu fenti. Akwai wata Marsandi a ciki, tun daga nesa na ji kukan shokinta.

Direban Alhaji: Oga, a gareji ka gan su ko a mafarki? Ni nake jan ɗaya daga ciki. Lexus ce, kuma babu bakaniken ƙauyen da ya taɓa sa mata sifana. In Lexus ba motar alfarma ba ce, to mece ce? Kurkura?

Bakanike: Lexus ai Toyota ce ta sa babbar riga, yaro. Kamfani ɗaya ne, a 1989 suka fito da sunan don su ci kasuwar Amurka. Buɗe bonet ka duba kayan, za ka ga tambarin Toyota a jikin rabinsu. Kuma da kake cewa bakaniken ƙauye, in ta tsaya muku a hanyar Rano da daddare wa za ku kira?

Direban Alhaji: Muna da namu makanikin. Ƙungiya ce ke biyansa, duk fita yana cikin motar ƙarshe da akwatin kayan aiki da na'urar duba lafiyar inji. Ba a sa wa motar nan kunne a ce "ina jin fulogi ne".

Baba Tsohon Direba: Ku yara ku yi a hankali. Ni da na riƙe sitiyari tun kafin a haifi iyayen wasunku nake gaya muku, alfarma ta ƙare tun da aka daina sayen mota a leda. A 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kaduna, kuɗin ƙarin albashi na Udoji na hannun ma'aikata, malamin makaranta ma yana iya fitar da abin hawa sabo dal. A Ikko ana haɗa Basuwaja (Volkswagen), a Bauchi ana haɗa Steyr, a nan Kano ma ana haɗa manyan motocin Fiat. Wanda ya fi ƙarfin Fijo 504 shi ne yake hawa Marsandi, kuma in ta shigo gari kowa ya san ko hakimi ne ko babban ɗan kasuwa. Yanzu fa? Mutum ya sayi abin da wani ya yar, ya manna sitika a gilashi, wai shi ɗan kulob.

Direban Alhaji: Baba, Allah ya ƙara girma, amma 504 ɗin nan ko iska ba ta da ita sai ta taga.

Baba Tsohon Direba: Ɗana, ta kai ni Maiduguri ta dawo da ni ba tare da kwamfuta ba.

Malamin Firamare: Ku ba ni dama. Duk kun kauce. Alfarma a bakin mutanen da ba tsada take nufi ba, ba kuma sabunta ba. In an ce wane yana da alfarma, ana nufin yana da ƙimar da za a ɗaga masa ƙafa. Shi ya sa ake cewa a yi mini alfarma. Saboda haka mota ba ta da alfarma, mai ita ne yake da ita ko ya rasa. 'Yan jarida ne suka liƙa wa mota wannan suna.

Ɗan Acaɓa: Malam ya fara darasi. A kawo allo.

Bakanike: To Malam ya gama magana. Ba alfarma ba ce, abin da na faɗa ke nan tun farko.

Malamin Firamare: Ba abin da ka faɗa ba ke nan. Kai kana maganar shok, ni ina maganar harshe.

Manomin Rani: Jama'a, ni fa maganar tumatir nake yi.

Hajiya Mai Waina: Ni dai tsakanina da Allah, duk ranar da suka biyo sai na sayar da ƙullun kwana biyu kafin azahar. Suna tsayawa su sayi waina, su sayi rake, masu kifi a bakin dam kuwa ranar sallarsu ce. A azumin da ya wuce sun sauke shinkafa da sukari a ƙofar masallaci, ni da idona na gani. In wannan ba alfarma ba ce ban san mece ce ba. Mai tumatir, yi haƙuri ƙanena, amma ku ma shanyar bakin titin nan ta yi yawa.

Manomin Rani: Hajiya, a gefen gonata na shanya, ba a kan kwalta ba. Kuma shinkafar nan ni ko ƙwaya ban gani ba.

Ɗan Acaɓa: Shinkafar da hoton da aka ɗauka da ita ya fi ta yawa? Kowane buhu sai da mutum shida suka dafa shi ana murmushi.

Direban Alhaji: Hassada ga mai rabo taki ce. Ku ba ku san yadda ƙungiyar take ba. Akwai kuɗin wata da kowa yake zubawa. In ɗan ƙungiya zai aurar da 'ya, duka ake fita a yi masa kara. In rasuwa aka yi, haka za a jeru a je ta'aziyya ko da Gumel ne ko Birnin Kudu. In motar wani ta lalace, a cikin zaurensu za a nemo masa kayan gyara, ba sai ya je kasuwar Ƙofar Ruwa an yanke shi ba. Akwai likita a ciki, akwai lauya, akwai dilan shinkafa na Kura. Zumunci ne. Kuma akwai doka, duk wanda ya fita daga layi ko ya yi wasan mota sai ya biya tara.

Manomin Rani: To waɗancan biyun sun biya?

Direban Alhaji: Ni ina gaba, ban ga komai ba. Wataƙila ma ba 'yan ƙungiya ba ne, akwai yaran da suke liƙewa a bayan ayari.

Bakanike: Likita da lauya duk a cikin 'yar Kwatano.

Direban Alhaji: Ka daina cewa Kwatano. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. Tamu ta tashar jirgin ruwa ta shigo, da takardun kwastan cikakku.

Bakanike: Ta ruwa ta shigo ko ta tudu, wani ne ya fara zama a kujerar. Kuma kai ne kaɗai a ƙasar nan kake jin an hana abu ka ɗauka an daina.

Malamin Islamiyya: Assalamu alaikum. Ni abin da ya dame ni ba sunan motar ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, manomi yana sayar da akuya don ya zuba wa injin ban-ruwa fetur. A wannan hali ne wasu za su cika tankunan jif-jif don kawai su je su ci gasasshen kifi su dawo? A Suratul Isra'i Allah ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu, kuma a surar dai ya hana tafiya a bayan ƙasa da taƙama.

Hajiya Mai Waina: Allah ya gafarta Malam, ai kuma a ƙarshen Suratud Duha an ce a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Mu ma mun je Islamiyya.

Malamin Islamiyya: Hajiya, ba da hon ake ba da labarin ba.

Malamin Firamare: Kun ga abin da nake faɗa? Taƙama. A tsohuwar Hausa alfarma har wannan ma'anar tana ɗauka, ta nuna isa. Saboda haka in ta wannan fuska ce, to motocin alfarma ne.

Bakanike: Malam, ɗazu ka ce ba alfarma ba ce, yanzu ka ce ita ce. Ka tsaya wuri ɗaya mana.

Surukinku Ɗan Ringim: Ni dai ina gefe ina kallo. Da a Jigawa ne ma ba za a sauka daga kwalta ba, don titinmu babu rami. Ku gyara hanyoyinku a daina taka wa mutane shanya.

Ɗan Acaɓa: Ji wani. Wa ya sa da kai, suruki? Jihar da sai 1991 aka yanke ta daga jikinmu? A Jigawa in an ga Lexus ai gwamna ne ya zo duba aiki.

Surukinku Ɗan Ringim: Yi dariya. Dam ɗin da kuke zuwa shaƙatawa ɗin nan, mu in an ambace shi gabanmu faɗuwa yake. Ruwansa ta kogin Kano yake gangarowa, ya haɗu da na Challawa, ya bi ta Wudil ya sauka a kanmu. A tambayi mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja abin da suka gani a daminar 2022. Ku ku yi noman rani da shi, ku ci kifinsa, mu mu kwashe tabarma.

Baba Tsohon Direba: Kada ka zagi aikin Audu Bako a gabana. A 1974 aka gama dam ɗin nan, kuma da babu shi da babu noman ranin Kadawa, da babu shinkafar Kura, da shi kansa mai ƙorafin bai san tumatirin rani ba. Ruwan sama ne ya yi muku yawa.

Surukinku Ɗan Ringim: Baba, ban zagi mamaci ba. Na ce a riƙa sanar da mu kafin ruwa ya iso.

Ɗan Acaɓa: To ku dawo Kano mana, mu yafe muku.

Surukinku Ɗan Ringim: Ka fara biyan bashin man da ka karɓa a wurina sannan ka yafe wa jiha guda.

Ɗan Acaɓa: Admin, ka ga an fara tonon silili.

Manomin Rani: Akwai wanda ya ɗauki lambar motocin nan biyu? Ɗaya baƙa ce, ɗaya ruwan toka.

Bakanike: Baƙar ita ce mai kukan shok ɗin. Ka ga alfarma.

Direban Alhaji: Wallahi Oga in ka ƙara cewa shok sai na turo hoton motar da ka gyara wa liman ta kwana a hanya.

Bakanike: Turo. Mai ne ya ƙare masa.

Hajiya Mai Waina: Kai, maza da surutu. Ni na tafi ɗora tanda.

Admin: To jama'a, la'asar ta yi, bari in taƙaita kamar yadda muka saba. Abin da na fahimta daga bakin mafi yawan waɗanda suka yi magana shi ne, ƙungiyar nan ta mutanen kirki ce masu zumunci, tana kawo ciniki garin nan, tana taimako da azumi, kuma tana da dokar da take hukunta mai ganganci. Babu wanda ya kawo hujjar cewa motoci biyun da ake magana na 'yan ƙungiya ne, direban da yake cikin ayarin ma ya ce bai ga komai ba. Game da kalmar alfarma, Malamin Firamare da kansa ya dawo ya yarda ta dace da su, don haka wannan ta wuce. Oga Bakanike, sana'arka ce ta sa kake jin kukan ƙarfe a ko'ina, mun yi maka uzuri. Allah ya gafarta Malam ya yi nasiha mai kyau, amma dukiyar mutum tasa ce matuƙar ya fitar da zakka. Maganar Kano da Jigawa ba ta wannan zaure ba ce, suruki a kiyaye. Ga ɗan'uwanmu mai ƙorafi muna jajanta masa, kuma shawarar zaure ita ce a riƙa matsar da shanya nesa da titi.

Masu cewa wai don ƙanin matata yana cikin ƙungiyar ne nake wannan bayani, Allah ya shirye su, ni ko sau ɗaya ban shiga ayarin ba sai ranar ɗaurin auren nan, shi ma gayyata ta aka yi. Na rufe zaure sai bayan isha'i. Masu bin bashin kuɗin taki su same ni ta gefe.