Idan za a gina coci a unguwar Musulmi

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada jita-jita ta riga mai unguwa jin labari. Masu cocin su kai gaisuwa wurinsa da wurin liman tun kafin a sauke tipar yashi. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addininsa, dokar filaye ta 1978 kuma ta sa filayen birni a hannun gwamna, ba samarin layi ba. Duk mai ƙorafi sai ya rubuta wa hukuma. A ganina yawancin ƙorafin ma na lasifika ne da cunkoson motoci ranar Lahadi, abin da zama ɗaya zai warware. Ai mu ma muna tare hanya ranar Juma'a. In rikici ya taso, a nemi masu sulhu irin Imam Ashafa da Fasto Wuye na Kaduna.