Participant observation: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Jama'a, ɗaliban ilimin zamantakewa sun daɗe suna fama da wannan kalma. Hanyar bincike ce da mai nazari zai bar ofis, ya je ya zauna cikin mutanen da yake son fahimta, ya ci abin da suke ci, ya shiga hidimarsu, da dare kuma ya rubuta abin da ya gani. Tana da bambanci da raba takardar tambayoyi, inda mutum zai faɗa maka abin da yake so ka ji.

Misali ɗaya ya isa. A 1937 wani mai binciken zamantakewa, William Foote Whyte, ya tare a unguwar talakawan Italiyawa a birnin Boston na Amurka, ya yi sama da shekara uku yana yawo da samarin bakin titi. A wajen wasansu na mirgina ƙwallo ya lura cewa makin da kowa ke ci a babbar gasa yana bin matsayinsa a cikin ƙungiyar. In wani na ƙasa a cikinsu ya fara ƙoƙarin doke shugaba, sai a yi ta masa ba'a har hannunsa ya rikice. Wa zai faɗa maka wannan a takarda? Su kansu samarin ba haka suke kallon abin ba.

Har mu an yi a kanmu. Wani masani, Abner Cohen, ya yi aikinsa a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, daga 1962 zuwa 1963, yana bin yadda fataken goro da shanu ke ba da bashi bisa amana ta hannun maigida da dillalansa.

To, ga sunayen da 'yan'uwa suka kawo da muka tattauna batun.

Wani ɗan'uwa ya ce “sa ido”. An riga an saba da masu sa ido a zaɓe, gaskiya ne. Amma je ka ce wa mai unguwa ka zo sa ido a kan jama'arsa, ka ga ko za a ba ka tabarma. A unguwa, ɗan sa ido magulmaci ne.

“Gani da ido” ma an ambata. Wannan ta gwamna ce: ya sauko daga mota, a nuna masa rijiya, a ɗauki hoto, ya wuce kafin la'asar. “Kallo” kuwa ba sai mun ɓata lokaci ba, ɗan kallo ba ya sa hannu.

Ni ina tare da wata Malama da ta kawo “binciken cuɗanya”. Cuɗanya ta ɗauki zaman da shigar, bincike ya ɗauki lurar da rubutun. Kuma tana lanƙwasuwa: binciken cuɗanya a bayyane, in mutane sun san abin da ya kawo ka, ko a ɓoye in ba su sani ba, wanda shi ne malamai ke ta muhawara a kan halaccinsa.

Wani malami, Allah gafarta Malam, ya yi gyara cewa kunnen wasu zai tafi ga cuɗanyar maza da mata da ake wa'azi a kai. Na ji, Malam, amma ai muna cewa cuɗanyar Hausawa da Larabawa ba wanda ya ɗaga gira. Kalmar ma tana tuna wa ɗalibi haɗarin aikin, don zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Whyte da kansa ya rubuta cewa ya biye wa abokansa ya jefa ƙuri'a fiye da sau ɗaya a wani zaɓe.

Na gwada ta a jimla: “Ta yi binciken cuɗanya na shekara guda a tsakanin masu saƙa.” Ta zauna daram. Inda na tsaya shi ne littafin da mai binciken ke cikawa kowane dare. “Kundin fage” ko “littafin lura”? 'Yan Damagaram da Maraɗi da suka yi karatun da Faransanci, me kuke ce masa a can?