Wane faifai zan sauke? Zancen makin masu sharhi a zaure

Nafisa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ina son in sauke faifai biyu ko uku na kiɗan rok irin na ƙananan kamfanoni, wanda ake kira indie, na 'yan shekarun nan. Datata ba ta da yawa, ba na son in zuba ta a abin da gobe zan goge. Na leƙa Metacritic, sai na ga kusan duk wanda na taɓa an ba shi maki 80 da wani abu. To ta ina mutum zai fara?

Yaya Habu:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shi Metacritic makin jaridu da mujallu yake tarawa ya fitar da matsakaici. Saboda haka faifan da bai ɓata wa kowa rai ba yakan hau sama, wanda kuma ya raba kan masu sharhi sai ya sauko, alhali sau da yawa shi ne mai abin ji. Ni dai zan ce ki fara da Romance na Fontaines D.C., yaran Dublin ta ƙasar Ailan. Ya fito a watan Agustan 2024, shi ne na huɗu a faifansu. Masu sharhin Ingila sun yabe shi ƙwarai, kuma a wannan karon na yarda da su. Ki kasa kunne a waƙar "Starburster". A ƙarshen kowane baiti na amshi, mawaƙin, Grian Chatten, yana jan numfashi da ƙarfi, kamar wanda iska ta ƙwace wa. Ya ce firgici ne ya taɓa kama shi a tashar jirgin ƙasa ta St Pancras a Landan, daga nan waƙar ta samo asali. Ko ba ki kama Turancinsa ba, wannan numfashin zai gaya miki halin da yake ciki.

Sadik:
Yaya Habu, da girmanka, amma ni Romance ya yi mini santsi da yawa. Sun bar kamfanin Partisan sun koma XL, sun ɗauko James Ford, mutumin da ya daɗe yana haɗa wa Arctic Monkeys sauti, shi kuma ya goge musu duk wani kaushi. Nafisa, ki nemi Dogrel na 2019. Ganga, jita da murya, shi ke nan, sai ka ji kamar a ɗaki ɗaya kuke da su. Abin da na lura da masu sharhi shi ne, da zarar rukuni ya canja salo sai su ce ya girma. Ba kowane canji ne girma ba.

Yaya Habu:
Ban ƙi ta taka ba, Sadik. Amma mai shigowa yanzu, Romance ya fi sauƙin karɓarta. In ya yi mata, ita da kanta za ta koma baya.

Ummi:
Nafisa 'yar'uwa, kar su cika ki da maza. Ga biyu daga wurina. Na farko faifan boygenius na 2023. Mata uku ne, Phoebe Bridgers da Lucy Dacus da Julien Baker, kowacce da sunanta da faifanta kafin su haɗu. Da muryoyinsu uku zalla ya buɗe, babu kiɗa ko kaɗan, sai waƙa ta biyu jita ta faso da ƙarfi. Sun ɗauki Grammy uku a 2024. Na biyu kuma faifan farko na Wet Leg, 2022, 'yan tsibirin Wight a kudancin Ingila. Shi ma ya ci Grammy a 2023 a matsayin faifai mafi kyau a rukunin alternative, wato kiɗan da ya kauce wa na gama-gari. Abin da ya ƙona mini rai a lokacin, da waƙarsu ta farko ta yi tashe, sai aka riƙa yaɗawa a intanet cewa wai kamfani ne ya dasa su, ba ƙoƙarinsu ba ne. Wannan zargin kusan kullum a kan mata yake faɗawa. Haka aka yi wa The Last Dinner Party daga baya. Maza nawa ne suka fito da goyon bayan kamfani babu wanda ya ce uffan?

Nafisa:
Anti Ummi na gode. Za a iya sa su a falo, ko sai da iyafis? Da iyayena nake zaune.

Ummi:
Wet Leg kam da iyafis, akwai zancen manya a ciki ba a ɓoye ba. Na boygenius ma akwai ashar jefi-jefi. Ki ji ke kaɗai tukuna.

Malam Ɗanladi:
Salamu alaikum. Bari in ce wani abu a kan makin nan, tunda a kansa tambayar ta tsaya. Kada a raina shi, yana da ƙarfi. A watan Maris na 2024 wani ɗan Kanada, Patrick Flegel, mai waƙa da sunan Cindy Lee, ya saki Diamond Jubilee. Waƙoƙi 32, sun ɗan haura awa biyu. Bai sa shi a Spotify ba, sai a YouTube da wani shafi mai kama da na farkon zamanin intanet. Babu talla, babu komai. Pitchfork, mujallar sharhin kiɗa ta intanet, ta ba shi 9.1 cikin 10, maki mafi girma da ta ba sabon faifai tun 10 cif da ta ba Fiona Apple a 2020. Cikin 'yan kwanaki kowa ya ɗauki zancensa. Da babu wannan sharhin, da yawanmu ba za mu taɓa jin sunansa ba. Kuma ku tuna, a watan Janairun shekarar ne kamfanin Condé Nast ya cusa Pitchfork a ƙarƙashin mujallar GQ, aka sallami ma'aikata, ana ta cewa zamanin sharhin kiɗa ya wuce.

Amma makin ba wahayi ba ne. 'Yan Pitchfork da kansu a 2021 suka dawo suka sake wa wasu tsofaffin faifai maki. Na Liz Phair na 2003 da suka ba 0.0, suka mayar da shi 6.0. Waƙoƙin ba su canja ba, masu saurare ne suka canja. Shi ya sa nake karanta rubutun, in ga ko marubucin ya faɗi abin da ke cikin sautin, ko kuwa labarin kansa yake ba ni. Nafisa, Diamond Jubilee yana da kyau, sautinsa kamar tsohuwar rediyo mai kamo tasha daga nesa, amma ki bar shi sai ranar da kika samu waifai.

Abdul-Razak Damagaram:
Sannunku da hira. Malam ya ce a karanta rubutun. To ga hanyar da nake auna mai sharhi: in duba abin da ya rubuta a kan kiɗan da na sani tun daga tushe. Mu a Nijar muna da wannan damar, don makaɗin jitarmu Mdou Moctar ya daɗe da shiga cikin wannan duniyar ta indie. Kamfanin Matador na Amurka, wanda ya fitar da Pavement da Interpol, shi ya fitar masa da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a watan Mayun 2024. Duka biyun sun sha yabo, sun shiga jerin faifan shekara na manyan mujallu.

Na ji daɗin yabon, Allah ya sani. Amma ku karanta da kyau. Da yawansu ba sa wuce layi uku sai sun kwatanta shi da shahararrun makaɗan jitar rok, Jimi Hendrix ko Eddie Van Halen. To mutumin nan shi da bakinsa makaɗin Nijar Abdallah Oumbadougou yake ambata a matsayin wanda ya sa shi sha'awar jita. Jitar farko da Mdou ya riƙe, da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke. Gudun da suke mamaki a gangar Souleymane Ibrahim, mai yi masa kiɗa, yadda waƙa take farawa a hankali tana ƙara wuta har ta kusa kuɓucewa, wanda ya taɓa tsayawa a filin biki a Agadas ya san daga ina yake. Ana shimfiɗa tabarmi, a tayar da janareto, lasifika tana ƙara har tana tsagewa, samari su jeru suna rawa ƙura na tashi, masu kiɗa kuma ba su da ikon sassautawa sai 'yan rawa sun gaji. A can aka koyi wannan saurin. Mai sharhin da ya faɗi haka, ko ya ambaci takamba, wani salon kiɗa da rawa na gargajiya a yankin, na san ya yi aikinsa, sai in amince da shi a kan faifan Dublin ko na Kanada da ban san garinsu ba.

Sannan maganar da ke cikin waƙoƙin. Da Tamashek yake yi. "Imouhar" kira ne ga Buzaye su riƙe harshensu kar ya ɓace. "Oh France" kuwa sunanta ya isa. Mutum ne daga ƙasar da aka shekara da shekaru ana kwasar yuraniyom a Arlit, ƙauyuka kuma suna kwana a duhu. Wannan ba ado ba ne a gefen jita, shi ne dalilin da jitar take kuka haka.

Sadik:
Abdul-Razak, wai da gaske ne a Najeriya ya naɗi faifansa na farko?

Abdul-Razak Damagaram:
Ƙwarai, a Sakkwato, 2008. Sunansa Anar. Da na'urar gyaran murya aka yi shi, irin ta waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Ta mimori da bulutut ya yaɗu daga salula zuwa salula har Mali, can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji wata waƙarsa, ya sa ta a tarin da ya fitar a 2011, ya bi sawu har ya samo shi. Ka ga mutanenmu sun riga kowace mujalla yanke hukunci a kansa.

Yaya Habu:
Gaskiya ne. Amma a yi wa masu sharhin adalci. Ni a Kano nake, Agadas ba ta fi mini Amurka nisa ba, amma a rubutun Turawa na fara ganin sunansa. Abin kunyar namu ne. Jaridunmu da gidajen rediyonmu nawa ne suka zauna suka yi sharhin Funeral for Justice waƙa bayan waƙa? Makaɗin jita Bombino ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa a takarar Grammy da faifansa Deran, mu nan ko a jikinmu.

Abdul-Razak Damagaram:
Wannan ciwo ne, Yaya. Nafisa, in kina son wanda za ki sa a falo Baba ya ji ya gane, ki nemi Tal National na Yamai. Kaani, 2013, kamfanin FatCat na Ingila ya fitar. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Tamashek, jagoransu Almeida kuma ya yi aikin alƙali. Jitarsu gudu take kamar ba za ta tsaya ba. Akwai kuma Tears of Injustice na Mdou, 2025. Juyin mulkin Yulin 2023 ya rutsa da su a Amurka, iyakoki a rufe, sai suka shiga ɗakin naɗi suka sake waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar lantarki. Ya fi sanyi, kalmomin sun fi fitowa.

Ummi:
Ki ƙara da Les Filles de Illighadad. Mai jitarsu Fatou Seidi Ghali tana cikin matan Buzaye na farko da suka riƙe jita a bainar jama'a.

Sadik:
Kafin a rufe, wa ya ji Getting Killed na Geese, na 2025? Masu sharhi sun ɗaga shi sama sosai. Muryar mawaƙinsu Cameron Winter ce matsalar wasu, tana lanƙwasa tana fita daga layi da gangan. Ni ta kama ni, matata kuwa ta ce in kashe.

Malam Ɗanladi:
Na ji shi. Gangar ta fi muryar burge ni. Amma ba na mai farawa ba ne.

Nafisa:
Allah ya saka da alheri, kun wadata ni. Zan sauke Funeral for Justice da na boygenius yau, Romance kuma ƙarshen wata. Kaani zan sa wa Baba. Yaya Abdul-Razak, a na Mdou in bi shi daga farko ne, ko akwai waƙar da zan fara da ita?

Abdul-Razak Damagaram:
Ki fara da "Imouhar". Da farko za ki ji sautin ƙasa-ƙasa kamar daga wata tsohuwar salula, kar ki ƙara murya, don bayan kamar minti ɗaya duka rukunin za su faɗo lokaci guda. Daga nan ki koma waƙa ta ɗaya ki bi shi a jere.