Me za mu kira "flexion synergy" a rediyo?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin lafiya na Ranar Shanyewar Ɓarin Jiki ta Duniya, 29 ga Oktoba. Baƙona likitan gashin ƙashi ne, wato fisiyo, ya ce in nemo Hausar "flexion synergy". Wai mai lalurar in ya ɗaga kafaɗa, sai gwiwar hannu ta lanƙwashe, yatsu su dunƙule, ba da son ransa ba. Na rubuta "haɗin kan tsoka". Ya yi?

Fisiyo Gwammaja: Hajiya, haɗin kai ai alheri ne, wannan kuwa ciwo ne. Akwai babbar hanyar saƙo daga saman ƙwaƙwalwa zuwa laka, ita ke ba kowane yatsa nasa umarnin daban. Mafi yawanta kan tsallaka ɗaya ɓangaren a gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa in ɓarnar tana hagu, hannun dama ke shanyewa. In ta lalace, masu bincike a jami'ar Northwestern ta Amurka na ganin jiki kan jingina da wata hanya daga gindin ƙwaƙwalwar, mai aika saƙo ɗaya ga tsokoki da yawa. Kafaɗa na ƙara ɗaukar nauyi, hannu na ƙara naɗewa. Ni dai "sarƙewar motsi" nake gaya wa masu jinya.

Baban Sadiq: A ce sinaji kawai mana, a yi bayani.

Malam Na Ƙofar Mata: Subhanallahi. Harshen da Bargery ya cika wa ƙamus tun 1934 shi za mu je aron sinaji? Kalmar ita ce "rakiyar dole". Kafaɗa ta tashi tafiya, gwiwa da yatsu sun raka ta ba a gayyace su ba.

Baban Sadiq: Allah ya gafarta Malam, da wayar hannu kake rubutu, kan intanet.

Malam Na Ƙofar Mata: Waɗannan babu su a gargajiya. Hannu kuwa da shi aka haife mu.

Fisiyo Gwammaja: Malam, ta yi daɗi a kunne. Sai dai ɗan rakiya bin hanyarka yake yi. Nan kuwa mutum na son miƙa hannu ya ɗauki kofi, gwiwar na janyo shi wajen ƙirji.

Malam Na Ƙofar Mata: Shi ya sa na ce ta dole, ɗana. Rakiyar dole.

Ɗan Shehu: Kanawa ke nan, ku zauna ku yanke, gobe a ce daidaitacciyar Hausa ce. Wa ya tambayi Sakkwatawa?

Baban Sadiq: To kawo taku.

Ɗan Shehu: Sai na tambayi dattawa.

Maman Ilham: Don Allah ku bari, furodusa na jira. Tsorona da "rakiya", masu saurare da yawa sun riga sun yarda aljani ne ya taɓa mutum. In na ce ana raka hannu, sai a tambaye ni wa ke rakiyar. Zan ɗauki "sarƙewar motsi".

Malam Na Ƙofar Mata: Sarƙewa ta zare ce da gashin kai. Amma shirinki ne, Hajiya. A dai ambaci tawa sau ɗaya, masu saurare su zaɓa.

Maman Ilham: In lokaci ya isa, Malam.