PSP 1000 ko 3000 ko Go? Ku taimaka min da shawara kafin Alhamis

Na Birni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ne ya ci jarrabawar BEPC ta gama kwaleji bana, tun rasuwar mahaifinmu ni ke riƙe da shi, yaro ne mai haƙuri wallahi, in ya taso daga lakwal shago yake wucewa ya taya ni aiki har dare bai taɓa cewa ya gaji ba, shi ya sa na yi masa alkawari in ya ci zan saya masa abin da yake so, sai ya ce PSP, na'urar wasan nan ta hannu ta kamfanin Sony, don abokansa na unguwa suna da ita suna haɗawa su buga wasan ƙwallon PES shi yana kallo. Na samu wani wajen Kasuwar Dole yana da PSP iri-iri, 1000 mai kauri da 3000 da Go, da wata baƙa mai araha. Kaina ya ɗaure.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. 3000 za ka ɗauka malam, magana ta ƙare. 1000 fitowar 2004 ce, RAM ɗinta 32MB, ga nauyi. 2000 da 3000 kuwa 64MB ne, kuma suna shan caji ta USB, in an ɗauke kuran sai ka jona da power bank. Baƙar nan mai araha in E1000 ce ba ta da wifi sam, ba zai iya haɗawa da abokansa ba. Go kuma kada ka taɓa ta.

Ɗan Zango: Ni ban yarda ba. 1000 ta fi ƙwari, batirinta 1800mAh, na 3000 kuwa 1200, kuma ta fi cika hannu. Ni 3000 aka kawo min daga Kano, ashe an canja mata gida, ga layi-layi a gilashinta in 'yan wasa suna gudu, na kira mutumin ya daina ɗaukar wayata har yau, kuma ɗan uwan matata ne ya haɗa mu shi ya sa ban kai maganar gaba ba.

Mai Gyara: Layin nan haka gilashin 3000 yake tun daga kamfani, ba cuta ba ce. Batiri kuma na asali yawanci duk sun kumbura, ko wacce ka saya sabo za ka nema. Kullum ina buɗe su a shago.

Maman Biyu: Yaron da zai shiga lise za ka saya wa abin wasa? Nawa tun da kawunsa ya ba shi salula karatu ya lalace, in na yi magana a ce na cika faɗa. Keke ya fi, ɗana.

Na Birni: Mama na gode, amma alkawari na ɗauka, kuma na san ƙanena.

Ɗan Tasha: Ka sa masa PPSSPP, manhajar da ke buga wasannin PSP, a wayar Android kawai, wasannin duk ɗaya ne.

Na Birni: A'a, salular ce ba na so ya riƙe yanzu. Gaskiya ma Go ɗin yaron ya gani ya so, ƙarama ce tana shiga aljihu, ga 16GB a cikinta ba sai na sayi kart ba, na riga na ba da jika biyar a kanta.

Mai Gyara: To me kake tambaya kuma? Go ba ta cin faifan wasa na UMD, kart ɗinta M2 ne ba Pro Duo irin na sauran ba, ka zaga Damagaram ka gani ko za ka samu. Sauran kuwa adafta kawai za ka saya ka sa microSD. Batirinta a ciki yake sai an kwance, wayar cajinta ma bakinta daban ne, ranar da ta tsinke shi ke nan. Je ka ce a mayar da kuɗin kan 3000.

Na Birni: Amma ai tana da wifi ko? Za ta haɗu da ta abokansa?

Mai Gyara: Za ta haɗu. Ya ba ka cajarta?

Na Birni: Ya ce tana hanya, yaronsa zai zo da ita daga Kano.

Ɗan Zango: Haka wanda ya sayar min ma ya ce min. Wai cikinku wa ke da murfin batirin 1000 na sayarwa?